Amsoshin Tambayoyinku: Ina Asalin Kalmar "Stand"?

Tambaya: Ni ɗalibar sakandare ce. An koya mana cewa "stand" na nufin miƙewa tsaye, amma nakan gan ta a jimlolin da wannan ma'ana ba ta shiga. Ina asalinta, kuma me da me take nufi?

Amsa: Kalmar ta daɗe a bakin Turawa. A tsohon Turanci, wanda aka yi amfani da shi a Ingila kafin mamayar Normawa ta 1066, "standan" ake cewa. Masana harshe sun bi diddiginta har zuwa saiwar "sta" ta wani daɗaɗɗen harshe da ya haifi yawancin harsunan Turai da Iran da arewacin Indiya. Masu wannan harshe ba su bar rubutu ba, ta hanyar kwatanta harsunan da suka fito daga gare shi aka gano saiwar. Jamusawa na cewa "stehen", Latin kuma "stare". A Farisanci ta zama "stan", wato wuri ko ƙasa, ita ce kike ji a ƙarshen Pakistan da Afganistan.

Ta hanyar Latin da Faransanci saiwar ta sake shiga Turanci cikin "state" da "statue" da "station". Daga ta ƙarshen muka aro "tasha", inda mota ko jirgin ƙasa ke tsayawa.

Ma'anonin duk daga tsayuwa suka yi rassa. Wanda ya tsaya bai gusa ba ya jure, shi ya sa in Bature ya ce ba zai iya "stand" ɗin wani ba, yana nufin ba ya iya jure masa. Ɗan siyasa a Birtaniya "stand" yake yi a zaɓe, kamar yadda muke cewa ya tsaya takara, amma a Amurka "run" suka fi cewa. In kalmar suna ce, takan nufi matsayin mutum kan wata magana, ko rumfar mai sayar da jarida, ko ƙarfen da ake ɗora makirufo a kai, ko wurin 'yan kallo a filin ƙwallo.

Kada kamar da ke tsakanin "tsaya" da "stand" ta ruɗe ki. Hausa 'yar dangin harsunan Cadi ce, kamar kuwa dace ne kawai.

Duk inda kika ci karo da kalmar, fara duba ko aiki ce ko suna, sannan ki lura da ƙaramar kalmar da ke biye da ita: "stand up" miƙewa, "stand for" wakilta, "stand by" goyon baya ko zama cikin shiri. Allah Ya ba da sa'ar karatu.