RIJIYAR DA HAJARATU BA TA GANI BA

Karatu: Farawa 21:14-19, Fitowa 16:13-21, 1 Sarakuna 17:1-16.

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai tambayar da masu bi su ke yawan yi a ƙasarmu, watau, Ina tanadin Allah? Ba tambayar banza ba ce. A Morai da sauran ƙasar Talata Mafara, da Bakura, da Maradun, manoma da yawa sun bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. An kore shanu, an sayar da hatsi domin fansar waɗanda aka kama. A Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, sai a watan Maris aka sake su. To, wanda rumbunsa ya ke wofi, ƙaƙa za ya gane Allah yana lura da shi? Littafi Mai Tsarki ya nuna mana alamu uku.

1. Tanadin yakan kasance kusa, baƙin ciki ya rufe mana ido.

Sa'ad da ruwan salkar Hajaratu ya ƙare a jejin Biyer-sheba, sai ta ajiye yaronta a gindin wani ɗan itace, ta koma nesa tana kuka domin kada ta ga mutuwarsa. Ku lura, ba a ce Allah ya haƙa sabuwar rijiya ba. Idonta ya buɗe, ta ga ruwa.

Tsofaffinmu suna tuna farin 1972 da 1973, lokacin da gero ya ƙone, dabbobi suka mutu. Mutane suka rayu da tafasa, da yaɗiya, da aduwa, da goruba, abubuwan da a ke rainawa a shekarar ƙoshi. Ku dubi gawo kuma. Da damina yana zubar da ganye, da rani kuwa, sa'ad da ciyawa ta ƙare, sai ya yi ganye da 'ya'ya domin awaki. Wa ya shirya wannan tun kafin yunwa ta zo?

2. Tanadin yakan zo kaɗan kaɗan.

Da Isra'ilawa suka fara ganin manna, ba su san ta ba, suna tambayar juna ko mene ne. Aka umurce su su tattara ta yini ɗaya kaɗai, sai ranar shiri ga Asabar. Wadda aka ɓoye ta kwana, ta yi tsutsa. Shekara 40 suka ci haka.

Mu kuwa zuciyarmu tana ga babban abu. Da aka fara ginin dam na Bakolori a 1974, aka gama a 1978, an yi tsammani yunwa ta ƙare. Gaskiya, waɗansu sun sami noman rani. Amma da yawa suka rasa gonakin kakanninsu, har aka zubar da jinin manoma a 1980. Wanda ya kafa ido ga babban abu kaɗai, za ya raina mudun da ya kai iyalinsa gobe. Ubangijinmu ya koya mana mu roƙi abincin yini.

3. Tanadin yakan zo ta hannun da ba mu zata ba.

A rafin Kerit hankaki ne suka ciyar da Iliya, tsuntsayen da Shari'a ta haramta ci. Da rafin ya ƙafe, Allah ya aike shi wurin gwauruwa a Zarefat, cikin ƙasar Sidon, ƙasar Yezebel maƙiyiyar annabawa. Abin da ta ke da shi, tafi ɗaya na gari da ɗan mai, bai ƙare ba har aka yi ruwa. Mu masu bi kaɗan ne a wannan ƙasa. Idan maƙwabcinka Musulmi ya ba ka masauki, ko ya ranta maka iri, ka gode masa, ka kuma gane Wanda ya aiko shi.

Gargaɗi.

Gane tanadin Allah ba ya mai da mugunta ta zama alheri. Fashi zunubi ne, hana talaka hakkinsa zunubi ne, kuka kuwa ba rashin bangaskiya ba ne, gama Allah ya ji kukan yaron Hajaratu. Kada mu sallami mai yunwa da wa'azi, hannunmu a rufe. Yaƙubu 2:15-16 ya tsauta wa mai yin haka. Watakila ragowar dawar da ke rumbunka ita ce amsar addu'ar ɗan'uwanka.

Tambayoyi domin bincike:

(a) Me ya hana Hajaratu ganin rijiyar?
(b) Ka lissafta abu uku da suka riƙe gidanka a bara. Ta hannun wa suka zo?
(c) Wane gida ne a ekklesiyarku ba a hura wuta ba jiya? Wa za ya je can kafin Lahadi?