Gadon da aka zuba a C63

A watan Nuwamban 2024 janwe ya sauke wata farar Mercedes C63 AMG samfurin 2010 a bakin filin da nake sayar da motoci. Tun ba a kwance sarƙa ba yaran da ke wanke mini motoci suka kewaye ta suna ɗaukar hoto. Ni kuwa bonet na sa aka ɗaga, na buɗe murfin baƙin mai, na ga man ya koma kamar kunun gyaɗa. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san ruwa ya shiga mai, ya kuma san magana ta wuce canjin fulogi.

Mai motar bai wuce shekara 25 ba, ɗan wani maƙwabcinmu ne da ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mahaifiyar yaron ce ta kira ni da daddare. Ta ce, "Alhaji, ga ɗanka nan zai kawo maka mota gobe. Don Allah ka sayar masa. An sa ranar aurensa, ba a haɗa lefe ba, ba a kama gida ba."

Da yaron ya zo ya gaishe ni, na tambaye shi nawa yake so. Ya ce, "Baba, miliyan 30, amma idan mutum ya zo da gaske zan sallama a 28."

Na ce masa ya zauna ya faɗa mini inda ya samo wannan lissafin.

Lissafin nasa shi ne: a farkon 2023 aka raba musu gado, ya samu fili a bayan gari, ya sayar da shi miliyan 16. A lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Ya ga motar a Instagram wurin wani mai talla a Abuja, ya hau mota ya je, ya ji ƙararta, ya tura kuɗi a ranar. Bai nemi shawarar kowa ba, ga ni kuwa a layinsu shekara da shekaru. A lokacin da ya kawo motar dala ta haura 1,600, don haka a ganinsa motar ma ta ninka. Kuma mai tallan ya gaya masa wai wannan mota ba ta faɗuwa, domin ba za a sake ƙera irin injinta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai tallan ya ɗauki gaskiya ne ya naɗe ƙarya a cikinta. Gaskiya ne injin M156 mai lita 6.2 da silinda takwas ya wuce. Daga 2015 C63 ta koma lita 4 mai turbo biyu, wadda aka fitar bayanta kuma silinda huɗu ce da batir. Gaskiya ne masu son tsohon injin a Jamus da Amurka suna neman masu kyau, har farashinsu ya tsaya da ƙafarsa. To amma waɗanne? Wadda ba ta yi tafiya mai yawa ba, ba ta taɓa hatsari ba, mai ita yana da fayil na kowane sabis tun daga ranar da ta fito, ko kuwa irin su Black Series ta 2012 da 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera. Irin wannan hali ne na Porsche 911 GT3, da tsofaffin 911 masu sanyaya inji da iska waɗanda aka daina a 1998, da Toyota Supra ta shekarun 1990. Su ne ake nuna wa yara a bidiyo ana cewa mota kadara ce. Babu wanda zai tashi daga Jamus ya zo Kano neman C63 da ta sha ramukan damina.

Na karɓi lambar VIN na sa a kwamfuta. Minti biyar ba a yi ba hotunanta suka fito daga gwanjon motocin hatsari a Amurka. Gaba ya lotse har lagireto, jakar iska biyu sun fashe, takardarta ta motar da inshora ya riga ya biya ya wanke hannu. A hoton gwanjon mita tana nuna mil dubu 140 da wani abu. A gabana, bayan yaron ya yi kusan shekara biyu yana hawa, tana nuna dubu 78. Na juya masa kwamfutar ya gani da idonsa. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Baba, ai ya rantse mini."

Rantsuwa! Mutum zai fitar da miliyan 16 bai kashe 'yan dubbai ya sayi rahoton Carfax ba, bai ko rubuta VIN a Google ba, wanda kyauta ne. Hotunan gwanjon Copart da IAA suna nan a intanet shekara da shekaru, ba sa gogewa don wani ya yi rantsuwa. A duba VIN, jama'a.

Wannan ɓarnar da aka sayar masa ke nan. Sai wadda aka yi a hannunsa.

Watanni kaɗan da sayen motar aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayun 2023. Tankinta lita 66 ne, kuma a cikin gari lita ɗaya ba ta kai ka kilomita 6 ba. Cika tankin da yake yi da dubu 13 ya koma dubu 35, ya zo ya haura dubu 65. Da aljihu ya fara zafi sai aka fara rage kuɗin sabis. Ya bar mai gyaran da ya san motar, ya koma wani gareji da aka ce masa akwai sauƙi. Abin da aka yi wa motar nan a wurin, wallahi da ina da iko da na rufe garejin. An cire tamostat an jefar, wai ba a ƙasar sanyi muke ba. An haɗa fanka dairek. An fasa salansa an kwashe indomi, wai don ta ƙara ƙara, alhali kowa ya san inda indomin yake zuwa da nawa ake sayensa. Injin da ke cin kusan lita 9 na mai 0W-40 aka riƙa ɗura masa mai kauri na bas. Lagireto kuwa ruwan leda. Waɗannan injina na farko-farko an san kusoshin tof silindansu suna son kulawa, har kamfanin ya sauya su daga baya, kuma duk bakaniken da ya san aikinsa zai fara tambaya ko an canza su. Wannan bai ma taɓa jin labarin ba. Ya bar su suna jiƙa a ruwan leda har tsatsa ta ci ɗaya ta karye.

Ni ban hana mutum neman abincinsa ba. Amma idan Golf da Sharon ka iya, ka tsaya a kansu, ba abin kunya ba ne. Ka ce ban iya ba. Kalma uku ce.

Ga kuma wasan mota. Duk bikin abokinsa da motar ake zuwa a juya a kan kwalta har taya ta yi hayaƙi, ana ɗauka ana sawa a TikTok. Tayar baya ta irin wannan mota ba ta jure haka, kuma kuɗin guda biyu masu kyau sun isa a yi wa Corolla takalmi gaba da baya har da canji. Da kuɗi suka ƙare sai ya koma sayen na hannu, kowace ƙafa da kamfaninta. Wani Alhaji ya zo da ɗansa ganin motar a filina, har ya fara tambayar nawa gyaran zai ci, sai ɗan ya ciro waya ya nuna masa bidiyon motar tana juyi a wani biki, da lambarta a fili. Alhajin ya ce, "Allah ya kawo kasuwa," suka shiga motarsu.

Abin da samarinmu ba su gane ba game da irin waɗannan motoci shi ne dalilin da ya sa suke zuwa hannunsu da araha tun farko. C63 sabuwa a Amurka ta kusa dala dubu 60 a lokacinta. Wanda ya saye ta sabuwa yana da garanti, kuma kafin garantin ya ƙare ya rabu da ita. Na biyu ya hau ya ɗan gyara. Kafin ta zo hannu na huɗu ko na biyar farashinta ya yi daidai da na Camry, amma burkinta da giyarta da injinta har yanzu na motar dala dubu 60 ne. BMW M5 mai silinda goma ta 2005 zuwa 2010 ta fi dala dubu 80 sabuwa, aka zo lokacin da ake samun ta ƙasa da dubu 20 a can, ba don ta daina gudu ba, sai don kowa ya san abin da metal da giyar SMG ɗinta ke ci idan suka tashi. Arahar da kake gani, kuɗin gyaran da ke tafe ne masu motar na baya suka cire maka.

Farashin motar gudu yana faɗuwa. Farashin kayan gyaranta ba ya faɗuwa, kuma da dala ake sayensu.

Sai maganar masu saye, wadda ita ce ta fi kashe irin wannan mota a kasuwarmu. Corolla ko Hilux idan na ajiye da safe, malamin makaranta zai taya, ɗan kasuwa zai taya, mai haya zai taya, wani zai saya wa matarsa. Kayanta suna nan a Ƙofar Ruwa da Panteka, kowane gari akwai wanda ya iya ta. Wanda ya sayi Corolla mai kyau a farkon 2023 ya riƙe ta da kyau, kuɗinsa na naira ya bi dala ko bai kamo ta ba. C63 fa, wa zai saya? Mai kuɗin da zai iya riƙe ta ba ya son 'yar gida, zai sa a kawo masa tokumbo ko sabuwa. Yaron da yake mafarkinta kuma ba shi da kuɗin. Tsakanin waɗannan biyun babu kowa sai 'yan kaɗan, kuma su ɗin sun san mota fiye da mai sayarwa. Da ma tun ranar da aka ɗaura wa tokumbo lamba ta zama 'yar gida, wani kaso na kuɗinta ya tafi. A motar gudu kason ya fi girma, domin mai saye ya riga ya ɗauka an wahalar da ita, ko da ba a yi ba.

Motar ta yi makonni a filina. Masu ɗaukar hoto sun fi masu tayi yawa nesa ba kusa ba. Wani mai sayar da kayan gyara ya taya miliyan 9 don ya farfasa ta. Wani ya ce musaya zai yi da wata tsohuwar Range Rover, na ce ya rufa mana asiri, daga wannan rami zuwa wancan. A ƙarshe wani bakanike daga Apo da ya san injin, yake kuma da tof silinda a ajiye, ya biya miliyan 10 da rabi. Na ce wa yaron ya karɓa, don ba zai ga wanda ya fi haka ba. La'adata ma na bar masa saboda mahaifinsa.

A naira za ka ce miliyan 5 da rabi ya rasa. Ba haka ba ne. Ya shiga da abin da ya haura dala dubu 21, ya fita da abin da bai kai dubu 7 ba. Ban sa kuɗin mai da taya da abin da ya zuba a garejin nan ba. Filin da ya sayar kuwa, an taya wa wanda ya saya fiye da ninki biyu ya ce albarka. Da na yi wa mahaifiyar bayani, shiru ta yi, sannan ta ce, "Alhaji, gumin mahaifinsa na shekara ashirin ke nan." Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Kada faɗuwar naira ta ruɗe ku. Idan wani ya ce maka ya sayi mota miliyan 20 ya sayar 25, tambaye shi nawa dala take a ranar saye da ranar sayarwa, kuma yau miliyan 25 ɗin za ta iya sayo masa irin motar? Yawancin ribar da ake fahariya da ita tun 2023 asara ce da aka ƙirga da naira.

Ban ce kada kowa ya hau motar gudu ba. Ina sayar da su, kuma ina da kwastomomin da suka riƙe nasu tsaf. Amma dukkansu suna da wata motar ta zirga-zirga, suna da kuɗin gyara a gefe, suna ajiye rasit na kowane abu, kuma sun san kuɗin sha'awa ne suka kashe ba jari ba. Idan sai ka sayar da fili, ko ka ci bashi, ko ka taɓa jarin shago kafin ka saya, ba motarka ba ce tukuna. A kula da takardar kwastam ma, an fara kimanta duti da VIN a 2022, kuma akwai takardun bogi a hannun mutane. Haka masu ɗaukar C300 su sa mata bamba da tambarin AMG. Nan ma VIN ce za ta tona.

Iyaye da masu raba gado, don Allah ku daina miƙa wa yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai miliyoyi a rana ɗaya ku juya baya. Ku tambaye shi me zai yi da su, ku haɗa shi da wanda ya san harkar. Ku kuma 'yan uwana dillalai masu juya mita da rufe fitilar jakar iska, ku ji tsoron Allah, wata rana ɗan wani ne zai yi karo a ciki jakar ta ƙi buɗewa.

Kai kuma mai shirin saye, kafin ka tura ko sisi ka ɗauki hoton VIN ka bincika, ka kai motar a ɗaga ta a sa mata kwamfuta wurin wanda kai ka zaɓa, ba wanda mai motar ya zaɓa ba. Idan ya ƙi ɗaya daga cikin biyun nan, bar masa motarsa.