Jan Jirgin Ruwa a Bayan Mota

Idan za a kai jirgi mai inji daga gari zuwa bakin ruwa, kamar daga Kano zuwa madatsar Tiga, ko daga Yawuri zuwa wani mashigi na tafkin Kainji, akan ɗora shi a kan ƙaramar tirela, mota ta ja. Masu aikin ceto lokacin ambaliya ma haka suke kai jiragensu. Aikin ba wuya gare shi ba, amma ba ya son gaggawa.

A bayan motar akwai dunƙulen ƙarfe, a gaban tirelar kuma akwai baki mai kama shi. Dole girmansu ya zo ɗaya. Na motocin Turai milimita 50 ne. Na Amurka da inci ake auna shi, kuma inci 2 ya ɗara milimita 50 da ɗan kaɗan. Tun da motocinmu na hannu daga ɓangarorin biyu suke zuwa, kada ka yarda da ido, karanta lambar da ke jikin ƙarfen. Sauke bakin a kan dunƙulen, ka kulle, ka sa fil. Sannan ka gwada ɗaga shi sama. In ya fita, bai kama ba.

Sarƙoƙi biyu na tsaro a gicciye ake ɗaura su a ƙarƙashin bakin tirelar. Dalili kuwa, in ya kuɓuce, a kansu zai faɗa, ba zai caki kwalta ba. Haɗa wayar fitilu, ka sa wani ya tsaya a baya ya duba fitilar birki da sigina. Duba iskar taya. Ɗaure jirgin gaba da baya, ka ɗaga injin don kada farfela ta bugi ƙasa. Cire toshiyar gindin jirgin ruwan sama ya tsiyaye, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kada kowa ya zauna a cikin jirgin yayin da ake jansa, ko da tafiyar ta nan da can ce.

Rabon nauyi shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Kamata ya yi kusan kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin ya sauka a kan dunƙulen motar. Wato in tirela da jirgi sun kai kilo 1000, kilo 50 zuwa 70 ke nan. Inji a baya yake, ga shi da nauyi. Idan aka ƙara jarkokin mai da koma a can bayan, gaban zai yi sakayau, tirelar ta fara lilo dama da hagu a kan hanya. In haka ta faru, kada ka danna birki da ƙarfi, kada kuma ka ce za ka bi ta da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, har ta natsu. Sai ka tsaya ka matso da kaya gaba.

A hanya, rage gudu, ka ba motar gabanka tazara mai yawa, don nauyi na tura ka daga baya. A kwana ka buɗe sosai, saboda tayar tirela tana yanke kwana fiye da ta mota.

Ribas ne ke ba direbobi kunya. Duba mai tura kurar ruwa: in ya karkata hannunsa hagu, gaban kurar dama yake nufa. Haka tirela take yi idan mota na tura ta. Dabarar ita ce ka sa hannu a ƙasan sitiyari. Inda kake so bayan tirelar ya nufa, can za ka kai hannun, kaɗan kaɗan. Tirela gajera ta fi doguwa saurin juyawa, don haka ita ta fi son lallaɓawa. In ta lanƙwashe ta nufo gefen motar, tsaya, ka yi gaba ta miƙe, ka sake. Yin gaba sau biyar ba abin kunya ba ne, ko da 'yan kallo na dariya. Mutum ɗaya ya isa ya yi maka jagora. Ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, ban da tsakanin mota da tirela. Da ka daina ganinsa, taka birki. Gara ka fara koyo a filin ƙwallo, lokacin da babu yara.

Da isa bakin ruwa, dakata tayoyi su huce. Boris mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa, giris ya lalace, tsatsa ta kama shi. Kafin nan ka mayar da toshiyar, ka cire wayar fitilu, ka kwance ɗaurin baya. Igiyar gaba kuwa sai jirgin ya taɓa ruwa ake sakinta. Gangaren bakin ruwa na da santsi da laka. In za ka fito daga mota, ja birkin hannu, ka bar ta a giya, yaron mota ya sa weji a bayan taya.