Sirrin Shafen Langa: Yadda Sinadarai Ke Kare Kwano Daga Tsatsa

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Shanono, da wuya a shiga ɗakin dattijuwa ba a tarar da langa ko fanteka daga cikin jeren aurenta ba. Waɗansu sun shekara talatin suna sheƙi, waɗansu kuwa tuni tsatsa ta huda su. Bambancin yana cikin shafen da ke jikinsu.

Shafen nan ba fenti ba ne, gilashi ne. A masana'anta ana narka yashi tare da boraks da soda, a niƙa su da ruwa, a tsoma kwanon ƙarfe a ciki, sannan a gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 800 a ma'aunin Selshiyos. Amma ingancin shafen ya dogara ne ga sinadaran da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Na farko shi ne yumɓu, wanda ke hana garin gilashin kwantawa a ƙasan ruwa, domin shafen ya bi jikin kwano daidai. Na biyu, sinadarin kobal da na nikel, su ne ke sa shafen farko ya kama ƙarfe gam. Su ne kuma ke ba shi launin baƙi-baƙin da ake gani a inda kwano ya ɓantare. Na uku, sinadarin titaniyom, shi ke kawo farin shafen sama, ya kuma ƙara masa juriyar tsami.

Soda tana sauƙaƙa narkewa, amma idan ta yi yawa sai tsami ya riƙa cin shafen. Wannan abin lura ne ga jama'ar da ke zuba nono da kunun tsamiya da zoɓo a kwano. Har ila yau, an yi amfani da dalma a waɗansu shafe-shafe, da kadmiyom wajen samar da ja da rawaya. Dukkansu guba ne, kuma tsami na iya jawo su cikin abinci. Saboda haka kwanon da cikinsa ke da irin wannan launi, ko ya ɓantare, bai dace da ajiye abu mai tsami ba.

Malami zai iya gwada wannan a aji: a ɗiga ruwan lemon tsami a cikin tsohon kwano, a bar shi minti 15, a wanke, a shanya. Idan wurin ya dushe, shafen ba ya jure tsami.