Darasi: Hannu Ya Huta, Hankali Bai Huta Ba

'Yan'uwa manoma, yanzu akwai wayar da za ka yi wa magana ta amsa, ta kira maka mutum ko ta nemo maka labari. Kamfanin Apple ya fito da Siri a 2011, Amazon ya kawo Alexa a 2014, kuma a 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake bincike da murya. Ga wanda bai iya karatu ba, wannan babban taimako ne. Amma akwai abin lura.

Abin da aka gano

Mutane da yawa suna zaton tun da hannu bai taɓa waya ba, ana iya ci gaba da aiki. A 2015 malam David Strayer da abokan aikinsa na Jami'ar Utah a Amurka suka gwada direbobi masu ba waya ko mota umurni da murya. Suka tarar hankalin direba yakan kai daƙiƙa 27 kafin ya komo kan hanya sosai. Motar da ke tafiyar kilomita 40 a awa za ta ci mita 300 cikin wannan lokaci.

Ga dalili. Hankali ba ya riƙe ayyuka biyu masu bukatar tunani a lokaci guda, sai dai ya riƙa kai da komowa tsakaninsu. In kuma wayar ta ji ka ba daidai ba, sai ka koma gyara, hankali ya ƙara rabuwa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da za mu yi

1. In kana kan babur, tsaya gefen hanya tukuna.
2. Kada ka yi magana da waya sa'ad da kake zuba hatsi a injin niƙa.
3. Tambayi farashi ko labarin ruwan sama kafin ka soma auna maganin feshi. Ma'aunin kuma, bi abin da ke jikin kwalba ko shawarar malamin gona.
4. Ma'aji ya ajiye waya har ya gama ƙirgar kuɗin ƙungiya.

Aikin da hannu ya saba, kamar ɓarar gyaɗa, ba laifi a haɗa shi da sauraro.

Tambayoyi domin taro

1. Waɗanne ayyukanmu ne kuskure kaɗan zai jawo rauni ko hasara?
2. Wace doka za mu kafa a kan waya lokacin lissafin ƙungiya?