Harafi Ɗaya Kan Juya Ma'ana

A Larabci mun san ɗigo ne ke raba ب da ت. To, Turanci ma yana da irin nasa. Ku duba waɗannan kalmomi huɗu, duk h a farko, t a ƙarshe:

hat: malafa
hot: mai zafi
hit: bugawa
hut: bukka

Kun gani? Wasalin tsakiya kaɗai ya raba su. Haka pray, yin salla, da play, yin wasa. Wanda ya rubuta play a wurin pray, ai ya kai wasa masallaci! A jarrabawar BECE, irin wannan kuskure yana cin maki. Don haka kafin mu rubuta kalma, mu furta ta a hankali, yadda muke yi a darasin tajwidi. Allah ya ba mu sa'a.