Mai, Kitse da Ƙwayoyin Man Kifi: Darasi ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Karaye da Rogo

Dalilin wannan takarda shi ne, masu tallan magani suna yawo kasuwanni da waɗansu ƙwayoyi masu sheƙi, waɗanda mai ne a cikinsu. Suna cewa wanda ya sha, tumbinsa zai narke. Talaka kuwa in ya ji abin da bai gane ba, wurin mai unguwa zai kai tambaya, mai unguwa ya kai ga dagaci, dagaci ya kawo gabanku. Saboda haka ya wajaba ku da malamanku ku san gaskiyar al'amarin.

1. Yadda jiki ke yi da mai

Kowane irin mai, ko na gyaɗa, ko na shanu, ko manja, ko man kaɗanya, an ƙaga shi ne da waɗansu zarurruka ƙanana da ido ba ya gani, masana suna kiransu fati asid. In mutum ya ci, ruwan matsarmama ya tsinka man cikin hanji, jini ya kwashe shi. Daga nan ɗayan biyu ne: ko jiki ya ƙone shi don samun ƙarfi, ko ya ajiye shi ya zama kitse.

Ƙarfin abinci da kalori ake auna shi. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na tsabar garin hatsi ko sukari kuwa 4. Jiki kamar magidanci yake da rumbunsa: abin da ya shigo in ya fi abin da aka ci, rumbu ya cika, in ya gaza, a taɓa ajiya. Kuma ba mai kaɗai ke cika rumbun ba. Tuwo da fura da lemon kwalba, in sun yi yawa, hanta takan mai da su kitse.

2. Man da ba makawa sai an ci

A 1929 wani masani na Jami'ar Minesota a Amurka, George Burr, da matarsa Mildred, suka ciyar da ɓeraye abincin da aka tsame masa mai duka. Ɓerayen suka daina girma, fatarsu ta bushe ta yi saɓa. Da aka ɗiga musu ɗan mai sai suka farfaɗo. Ta haka aka gane akwai zarurrukan da jiki ba ya iya ƙerawa, tilas sai daga abinci. Iri biyu ne, omega-6 da omega-3. Da su ake gina bangon kowace ƙwayar jiki, ƙwaƙwalwa da ido kuwa suna bukatar omega-3 ƙwarai tun yaro yana ciki.

Omega-6 ba ya wuya a ƙasarmu, gama man gyaɗa da riɗi cike suke da shi. Amma omega-3 kusan babu shi a man gyaɗa. Ana samunsa a waken soya, mafi kyawunsa kuwa a kifi. Kifin teku mai maiƙo, irin titus da sadin na gwangwani, shi ya fi yawansa. Tarwaɗa da karfasa na dam ɗin Challawa, wanda aka gama a 1992, ba su kai na teku ba, amma suna da nasu rabo, ga su kuma a ƙofar gida.

3. Asalin ƙwayar man kifi da abin da gwaji ya nuna

Daga 1970 waɗansu likitocin Denmak biyu, Bang da Dyerberg, suka auna jinin mutanen Girinlan, masu rayuwa kan kifi da dabbobin teku. Suka tarar maiƙon da ke yawo cikin jininsu kaɗan ne, ko da yake abincinsu cike yake da mai. Daga wannan labari cinikin ƙwayar man kifi ya bunƙasa a duniya.

To, an yi ta gwada ƙwayar shekara da shekaru, ga abin da ya tabbata. In likita ya ba da ita da yawa, giram 2 zuwa 4 a yini, tana rage wani irin maiƙo na cikin jini. Wannan gaskiya ne. Amma fa maiƙon jini dabam, kitsen tumbi dabam, nan ne mai talla yake rikita mutane. Waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, in aka ɗora su kan sikeli, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ko ta wajen zuciya ma, wani babban gwaji a Amurka da aka bayyana a 2018, inda aka bi mutum fiye da 25,000 wajen shekara biyar, bai nuna cewa giram ɗaya a yini ya rage jimlar manyan cututtukan zuciya da shanyewar jiki ba.

Akwai wata ƙwayar kuma mai suna CLA, wadda ake tallarta musamman don rage ƙiba. Irin wannan zare yana nan ɗan kaɗan cikin nono da man shanu na dabbar da ke kiwo a fili. Abin da ƙwayar ke ragewa bayan watanni ba ya wuce kilo ɗaya ko biyu. A 2002 kuma masana a Suwidin suka ga wani nau'inta yana dagula yadda jikin masu tumbi ke sarrafa sukari.

Malaman hakimai sun saba da lissafi, to, ga wani. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana riƙe da kalori wajen 7,700. Babban cokali ɗaya na mai kuwa 120. Watau wanda ya rage cokali ɗaya kullum, bai ƙara wani abu a madadinsa ba, a bisa lissafi cikin wata biyu da 'yan kwanaki ya rage abin da ya kusa kilo, bai biya ko kwabo ba. Ƙwayar ita kanta mai ce, ƙari take yi cikin rumbu.

4. Wanda ya fi bukatar mai

Ga abin da ya fi muhimmanci. A ƙauyukanmu mai tumbi ba shi ne ke cikin haɗari mafi kusa ba, yaron da aka yaye ne. Nonon uwa wajen rabin ƙarfinsa daga mai yake. Da an cire yaro aka bar shi da tsinkakken kunu, cikinsa ƙarami ne, zai cika tun bai sami abin da zai ishe shi ba, sai rama ta shigo. Ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja, ko ɗan tunkuza, ko garin busasshen kifi cikin kunun, yana gyara wannan. Bitamin A kuma, mai tsare ido, ba ya shiga jiki sosai sai da mai, shi ya sa tun 2002 doka ta tilasta a zuba shi cikin man girki na kamfani a Nijeriya.

Abincin tamowa da ake ba yara a asibiti shi ne babbar shaida. A Faransa aka ƙago shi a 1996, da gyaɗa da mai da madara da sukari, ƙulli ɗaya kalori 500. A yunwar 2005 an ceci dubban yara da shi a ƙasar Maraɗi. Babban da ya saye shi a kasuwa ya sha don marmari, rabon maras lafiya ya ci.

5. Abin da ake roƙonku

Ku sa dagatai da masu unguwa su faɗa wa jama'a cewa babu ƙwayar da ke narkar da kitse. Mai son rage jiki ya rage soye-soye da zaƙi, ya riƙa tafiya da ƙafa.

Kuɗin kwalbar ƙwaya a sayi kifi da shi, iyali su ci sau biyu a mako in hali ya yi.

Mace mai ciki kada ta sha man hantar kifi sai da izinin likita, gama bitamin A in ya yi yawa yana cutar da ɗan tayi. Haka mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon zuciya.

Duk maganin da ba shi da lambar NAFDAC, da duk abincin tamowa da aka gani a teburin ɗan kasuwa, malami ya rubuta, a sanar da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma.

Yaron da aka ga yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.